Musayar waƙa: Fadiyut, ƙauyen da ke zaune kan ɓawo

Ɗan Bakin Ruwa: Salamu alaikum yan uwa, wannan makon ni ke da buɗewa. Amsa-amo "ri" ne, duk wanda ya karya sai ya biya tara da baiti. Maudu'in wani ɗan ƙauye ne a gaɓar tekun Senegal sunansa Fadiyut, yana manne da garin Jowal, kilomita ɗari da ɗoriya kudu da Dakar, na je bara kuma wlh har yau ƙarar takuna a can bata bar kunnena ba don ƙasar wurin gaba ɗaya ɓawon katantanwar ruwa ce. Bismillah.

Da sunan Allah zan fara, ku ban wuri,
In ba ku labarin wani ɗan tsibiri,
Gadar katako ce ƙofar shiga gari,
Mota ba ta hawa, sai ƙafa da haƙuri,
Ka taka ƙasa ta ce ƙurus, ɓawo ne fari,
Lungu da bango duk da shi aka yi tsari.

Gwanin Tsiya: Hhhh tsaya malam, wato abun da aka ci aka watsar?

Ɗan Bakin Ruwa ka faye son kirari,
Juji ka gano ka zo kana kaɗa tambari,
Ragowar miya ce aka tara tun fari,
Bola dai bola ce ko da ta yi fari.

Inna Mai Carbi: Kai yaro ka maimaita "fari" sau biyu, tara ta hau kanka. Zauna in koya maka.

In ruwa ya janye laka ta fito sarari,
Mata su sha ɗamara su shiga a jeri,
Su tono su dafa su ɓare, hannu ya yi tauri,
Tsokar a shanya, ita ce miya ita ce jari,
Ɓawon a zuba, uwa ta zuba ɗiya ta yi ƙari,
Har tudu ya tashi inda da ruwa ne da gishiri.
Sarakuna kan ci ƙasa da doki da dogari,
Su waɗannan da tukunya suka yi tsibiri.

Ɗan Bakin Ruwa: Allah ya ja kwana Inna, kamar kina wurin. Na tsaya kan wata dattijuwa tana ɓarewa, ko kallon hannunta bata yi, hira take da maƙwabciyarta yatsun na ta aiki su kaɗai, tsoka cikin roba ɓawo gefen ƙafa, kafin in gama ɗaukar hoto biyu har ta tara ɗan tsibi

Malam Alƙalami: To bari in saka tarihi kafin Gwani ya sake ɓaro wata. Mutanen wurin ƙabilar Serer ne, manoman gero kuma masunta, yankin a da yana ƙarƙashin masarautar Sin. Turawan Fotugal sun fara kasuwanci a wannan gaɓar tun ƙarni na 15, yan mishan kuma suka kafu sosai a ƙarni na 19, shi ya sa mafi yawan mutanen Fadiyut Kiristoci ne yan Katolika alhali ƙasar kusan duk Musulmi ce. A Jowal, wato ƙetaren gadar, aka haifi Léopold Sédar Senghor, shugaban ƙasar Senegal na farko, a 1906, shi ma fa ɗan uwanmu ne a waƙa.

Ɗan Jowal ya riƙe ƙasa da alƙalami da nazari,
Daga 1960 yake bisa tsari,
Kirista ne, Musulmi suka ba shi wuri,
A 1980 ya sauka da kansa, ba hatsari,
Ba bindiga ba tanka, ya ce na bari.

Gwanin Tsiya: Malam lambobin nan sun karya maka kari amma mun yafe saboda furfura. Ga tarar da Inna ta ci ni, kuma da tambaya a ciki

An ce rumbunansu na tsaye cikin ruwa a jeri,
Kan dogayen ƙafafu kamar zalɓe mai nazari,
Wa ke kai gero teku in ba mai son hatsari?
Kuma an ce alade na yawo a tsakar gari.

Ɗan Bakin Ruwa: Duka biyun gaskiya ne. Aladun kam na gansu da idona suna kiwo cikin laka in ruwa ya janye, ba wanda ya ɗaga kai. Rumbunan kuma dabara ce, yanzu dai yawanci baƙi ake ɗauka a kwale-kwale a nuna musu.

Gobara in ta tashi ta kan cinye gari,
Ɓera in ya samu rumbu ba ya haƙuri,
Sai suka kai hatsi inda wuta ba ta da tasiri,
Ɓera bai iya kwale-kwale ba, ya rasa shiri.

Amma abun da ya fi tsaya min ba wannan bane. Akwai wata gadar ta biyu, tana kaiwa wani tsibirin ɓawon, can ne maƙabarta, ga itatuwan kuka manya manya.

Na haye gada ta biyu jikina ya yi sanyi ƙwarai da gaske, au afuwan

Na haye gada ta biyu na yi shiru a wuri,
Ƙarƙashin kuka ga kabari ga kabari,
Nan farin gicciye, can allo ya kalli gabas da tsari,
Tudu ɗaya, ɓawo ɗaya ya rufe su, fari.

Almajirin Zaure: Subhanallah, cakuɗe ake binne su? Ba faɗa nake nema ba tambaya ce

Ɗan Bakin Ruwa: Kowa da ɓangarensa akhi, kowa kuma da yadda addininsa ya ce a yi masa, tsibirin ne dai guda kuma gadar da ake bi da makara guda ce. Coci na nan masallaci na nan cikin ƙauyen, kuma dangi ɗaya sai ka samu wannan na zuwa nan wancan na zuwa can.

Almajirin Zaure: To na gane.

Liman da sahunsa, fada da nasa tsari,
Ba wanda ya ari alƙiblar wani, ko ari,
Amma ranar makoki gada ba ta da dogari,
Mai ɗaukar makara maƙwabci ne a gari.

Autan Zaure: Ku yi haƙuri manya zan ɗan ɓata daɗin. Duk kuna maganar waɗanda suka samu kabari. Jowal na cikin manyan wuraren sauke kifi a Senegal, mata na banda shi ana kaiwa har ƙasashen maƙwabta, amma kifin na raguwa, ga manyan jiragen waje ga masana'antun da ke niƙe ƙananan kifi su yi abincin dabbobi a fitar, duk da an ware yankin ruwan Jowal da Fadiyut don kariya tun 2004. Kwale-kwalen da ya kamata ya je kamun kifi sai ya koma ɗaukar samari zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar wajen kilomita 1,500, a 2006 kaɗai mutum sama da 30,000 suka isa can daga gaɓar Afirka ta Yamma, banda waɗanda ruwa ya ci. Har take suke da shi da yaren Wolof, ma'anarsa Basalona ko barzahu.

Koma ta fito wayam, babu ko na marmari,
Saurayi ya dubi uwa ya dubi hadari,
Ya sai da injin uba ya shiga da buri,
Wani ya kira waya, wani har yau ba labari.

Gwanin Tsiya: Kai Auta. Ni yau tsiyar ma ta ƙare min, Inna ki karɓa

Inna Mai Carbi: Na karɓa, amma daga wannan zan tashi an kira magariba.

Uwa ta share masa wuri kusa da uba, ƙarƙashin kuka mai tauri,
Teku ta riƙe shi, bata ba ta ko tsumman riga ba na haƙuri,
Da asuba ruwa ya janye, ta ɗau kwando ta bi jeri,
Ta dawo ta dafa ta ɓare, ta zuba ɓawon a wuri.

Ɗan Bakin Ruwa: Baitin farko ya yi tsawo Inna amma ba mai cin ki tara yau.