Mece ce ma'anar kalmar deodand a tsohuwar dokar Ingila?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Ina karanta tarihin dokokin Ingila sai na ci karo da kalmar deodand, a inda ake bayanin wani keken doki da hukuma ta ƙwace saboda ya take mutum har lahira. Malamai, mece ce ma'anarta, kuma ina ta samo asali?

Mai Bibiyar Tarihi:
Wa'alaikumus salam, Malama. Asalinta Latin ne, Deo dandum, wato abin da za a ba Allah. Idan wani abu, dabba ne ko kaya, ya yi sanadin mutuwar mutum, sai jami'in binciken mutuwar fuju'a ya tara mutanen yankin su ƙiyasta kuɗinsa, sannan abin ko kuɗin ya koma hannun sarki. Da farko manufar ita ce a yi sadaka da shi domin ran mamacin, wanda ya tafi ba shiri, amma a hankali sai ya zama hanyar cika baitulmali.

Tsohon Lauya:
Bari in ƙara da ƙa'idar da ta fi ba ni mamaki, wadda masanin shari'ar Ingila William Blackstone ya kawo a littafinsa na 1765. Idan keken yana tsaye, mutum ya taka ƙafar keken zai hau ya faɗo ya mutu, ƙafar keken kaɗai ake ƙwacewa. Idan kuwa yana tafiya ya take shi, to keken da lodinsa duka sun tafi, domin nauyin kayan ya ƙara wa raunin muni. Ba a tambayar ko mai keken ya yi sakaci, kamar dai keken ne mai laifin.

Mai Bibiyar Tarihi:
Gaskiya ne, Barista, kuma jirgin ƙasa ne ya kawo ƙarshenta. A hatsarin jirgin ƙasa da aka yi kusa da Sonning a Ingila ranar 24 ga Disamba 1841, masu binciken sun ɗora deodand na fam 1,000 a kan jirgin kamfanin Great Western, ko da yake daga baya an soke hukuncin. A 1846 majalisar dokoki ta shafe deodand baki ɗaya, kuma a shekarar ta kafa dokar da ta ba iyalan mamaci damar kai ƙara su nemi diyya daga wanda ya yi sakaci.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan koma in sake duba shari'ar, in ga ko keken yana tsaye ne ko yana tafiya.