Tabilet za ta iya maye gurbin laftof wajen gyaran hoto?

Mai Kyamara: Salam 'yan'uwa. Wallahi kafaɗata ta gaji da saɓa laftof duk inda na je aiki. Kyamarata megafiksel 24 ce, a RAW nake ɗauka (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), kowane hoto kusan MB 30. Wani yinin sai in dawo da 800. Tabilet za ta iya da wannan lodi, ko in haƙura?

Tsohon Hannu: Za ta iya, ƙanena, amma kar ka kuskura ka ɗauki mai GB 64, kwana biyu ta cika. Ni iPad nake riƙewa, da abin karanta katin SD mai USB-C, in zuba a manhajar gyaran hoto ta Lightroom in tace. Tun iPadOS 13 na 2019 take karanta SSD (ma'ajiyar bayanai da ake jona mata), can nake ajiye kwafi na biyu. Kuma ba na goge kati sai hoto ya kwana wuri biyu.

'Yar Hoto: Hasken fuskar tabilet fa mayaudari ne. Na taɓa gyara hotuna da hasken a ƙure, da aka wanko su duk sun yi duhu. Rage shi, ka kashe True Tone, mai sauya launin fuskar iPad daidai da hasken wurin da kake.

Mai Kyamara: Na gode ƙwarai. Yaya, alƙalamin nata dole ne?

Tsohon Hannu: Wajen goge tabon fuskar mutum a hoto kaɗai. Sauran, yatsa ya isa.