Musayar Waƙa: Black Dynamite da Kakanninsa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum, ma'abota zaure. Daren jiya na sake kallon Black Dynamite, fim ɗin 2009 da Michael Jai White ya fito jarumi, kuma shi ya rubuta shi tare da Byron Minns da Scott Sanders, wanda ya ba da umarni. Ga wanda bai sani ba, fim ne na barkwanci da ke kwaikwayon finafinan baƙaƙen Amurka na shekarun 1970, masu tulin suma da wando fantalo da karati. Na kafa babban amsa-amo a kan "ya". Mai ƙarfin gwiwa ya biyo ni.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bawa abin faɗawa,
Yau wani gwarzo nake yabawa,
Baƙi ne dogo kamar giginya.

Michael White na ƙasar Amurka,
Kai ka riƙe alƙalami da kanka,
Ka zana labari, ka hau dokinka,
Ka tuƙa tuwo, ka kaɗa miya.

An kashe ƙanensa, ido ya zare,
Ya rantse unguwa zai share,
Dilolin ƙwaya duk ya kore,
Har gidan marayu sun kai tsiya.

Tun daga lungu har tsibiri,
Ya bi sawunsu ba jinkiri,
Fadar White House ya kai hari,
Nixon ya ji jiki, ya bar fariya.

Bazazzagi Mai Tsini:
Wa alaikumus salam. Bakano, ka taɓo inda nake jira.

Ɗan Fagge, Kwari ta ɓata ka,
Jabun atamfa ke burge ka,
Tsaya in nuna ma kakanka,
Rudy Ray Moore, uban tafiya.

Mai sai da faifai ne a kanti,
Wani marar gida ɗan kan titi
Ke zuba kirari baiti-baiti,
Ya ɗauka ya mai da shi dukiya.

A 1975 ya yi Dolemite da kuɗinsa,
Ya zuba ribar faya-fayansa,
Ba babban kamfani a bayansa,
Talaka ya haƙa tasa rijiya.

Gwaggon Yara:
Kai, madalla! Baitin rijiyar nan ya biya ni. Zazzau ba a ja da ku a fagen ilimi. Ɗan Fagge, sha ruwa tukuna kafin ka amsa.

Yaron Kurna:
Gwaggo, da ma ke duk abin da ya fito daga Zariya zuma ne a bakinki. Ku bari maigidana ya rufe shago, za ku ji.

Ɗan Fagge:
Ga ni, ban ma rufe ba.

Na kalli naka, ya Bazazzagi,
Bakinsa kaifi wajen zagi,
Ƙafa ko ta ƙi tashi, ba ragi,
Shurinsa iyakarsa cibiya.

Naushi ya wuce da taku uku,
Abokin faɗa ya zube don ku,
Wannan ne gwanin da ke gare ku?
Ko ɗan koyo zai ji kunya.

Nawa tun yana yaro ya fara,
Shotokan, Kyokushin ya ƙara,
Baƙar ɗamara kan baƙar ɗamara,
Shi ya fito a Tyson, ka tambaya.

Yaron Kurna:
Allah ya ƙara wa Dabo albarka! "Iyakarsa cibiya", wallahi na faɗo daga kan benci. Gwaggo, ina tafin?

Malam Mai Jan Biro:
Ni ba don fim na shigo ba, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Waƙar ce ta kawo ni. Bazazzagi, ɗangonka mai shekara fa? In aka furta 1975 yadda muke furta ta, ita kaɗai gaɓa 13 ce, ɗangon gaba ɗaya 23, alhali biyun da ke biye da shi goma-goma ne. Wannan ya wuce ɗingishi, karaya ce. Ka cire shekarar ka kai ta sharhi.

Bazazzagi Mai Tsini:
Malam, ajiye jan bironka,
Nan ba aji ne na ɗalibanka,
Je ka kalli fim da idonka,
Sannan ka zo mu yi jayayya.

Malam Mai Jan Biro:
Ga shi kuma ka haɗiye "ba" ta ƙarshe a ɗango na biyu don amsa-amo ya zauna. Nahawu ma bai tsira ba.

Ɗalibar Adabi:
Malam, da girmanka, amma kari ba ƙirgar gaɓa ba ne kawai. Nauyi ake aunawa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da yadda suke jeruwa cikin ƙafa. Ɗango biyu na iya zama goma-goma su saɓa a kari. Haɗiye "ba" kuwa lamunin waƙa ne, magabata sun yi. Amma 23 kam ta yi yawa, ko rerawa ba za ta cece ta ba.

Malam Mai Jan Biro:
'Yata, na san da nauyin gaɓa tun ba ki shiga firamare ba. Na fara da ƙirga ne don ɓarakar ta fito fili. Tunda awo kike so, auna mini "Shotokan, Kyokushin ya ƙara" ki gaya mini wane bahari ne ya ɗauke shi.

Yaron Kurna:
Sunayen karatin Japanawa ne, Malam. Ba su san da aruli ba lokacin da suka raɗa.

Mai Shayin Kwana:
Ni kuma "kunya" da "giginya" ne ba su zauna mini kusa da "miya" da "tsiya" ba. Kunnena ya ƙi.

Ɗalibar Adabi:
Gaɓar ƙarshe ake dubawa, Yaya: kun-ya, gi-gin-ya, mi-ya. Duk "ya" ce. Kunnenka ne ke jin wasalin da ya gabace ta.

Mai Shayin Kwana:
To ai waƙa don kunne aka yi ta, ba don allo ba.

Malam Mai Jan Biro:
Da haka ake fara lalacewa.

Ɗan Fagge:
Jama'a, an cika zaure da ma'auni an bar fim a waje. Bazazzagi, ko ka fake a bayan rigimar Malam ne?

Bazazzagi Mai Tsini:
Ban fake ba. Wannan karon ba wasan Kano da Zazzau nake yi ba, abin na ci mini rai.

To, mu koma kanka, Bakano,
Akwai miki guda da zan tono,
Mai ƙoshi ya sami cikon kwano,
Yana yi wa mai yunwa dariya.

Makirufon Moore ya leƙo don rashi,
Ba kuɗin sakewa ko na bashi,
Naka ya sa nasa ya taɓa gashi,
Da gangan, don a ce ya iya.

Hawayen wani ne ya zam wasa,
Wanda ya ɗauko gini daga ƙasa,
Ya rasu kafin a nuna masa,
Balle ya yafe ko ya ƙiya.

Moore ya rasu a Oktoban 2008, Black Dynamite kuwa a Janairun 2009 aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance. Malam, ga shekarunka nan a sharhi.

Gwaggon Yara:
Wayyo. Wannan ya taɓa ni. Kanawa, ku amsa in akwai amsa.

Mai Gyaran Bidiyo:
Ni ban iya waƙa ba, amma sana'ata ce, ku ba ni minti ɗaya. Yawancin makirufon da kuke gani a Dolemite ba laifin masu ɗauka ba ne. A silima ana rufe sama da ƙasan hoton don ya yi faɗi. Da aka juye fim ɗin zuwa kaset ba a rufe ba, sai abin da aka bari a saman kan 'yan wasa ya bayyana. Wanda ya gan shi a gida ne ya fi ganin makirufo.

Ɗan Fagge:
Allah ya yi wa sana'a albarka.

Ka ji mai gyara ya yi bayani,
Mikin da ka tono ba shi da jini,
Faɗuwar gangan sai dai gwani,
Ɗan koyo ya gwada ya karya wuya.

Da irin fim na da aka ɗauka,
Launi ya fito irin na kaka,
Mai raina abu ba ya yin haka,
Wannan wahala sai soyayya.

Byron Minns, abokin rubutunsa,
Bullhorn ya fito, ka ji bakinsa,
Duk zancensa da amsa-amonsa,
Gaisuwa ce ga Moore, wace zolaya?

Kuma ka lura da kyau. Akwai ɗan wasan da ke karanto umarnin da aka rubuta masa a takarda haɗe da maganarsa, akwai inda ake canza mutum ana tsakiyar faɗa a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Duk wannan sai da aka zauna aka tsara shi. Wanda bai kalli tsofaffin nan har ya haddace su ba, bai san inda suke tuntuɓe ba balle ya kwaikwaya.

Hajiya Uwar Biyu:
Tun jiya nake karanta ku ina haɗiye magana. Ku ba ni wuri, kuma da ƙwar biyar zan zo.

Ku maza kun tsaya auna shuri,
Wane ya fi wane iya kirari,
Ku bar ganin sanda da zinari,
Kawali ne Dolemite tun fari,
Yana kiwon mata kamar akuya.

Na yarda baƙi ya hau babban allo,
Ya bar zama bara, ya zam abin kallo,
Sai dai ku duba irin salo,
Mai ƙwaya, kawali ke cin ƙwallo,
Ina malami, ina ma'aikaciya?

Ba ni na fara wannan ƙorafi ba. Sunan blaxploitation ɗin ma da ake kiran irin waɗannan finafinai da shi, Junius Griffin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, ne ya laƙaba shi a 1972 cikin ɓacin rai, wato ana cin kuɗin baƙaƙe ana sayar musu da mummunan hotonsu. Ɗan Fagge, kai ma ba ka tsira ba. In ka cire Gloria da Salli Richardson ta fito, mata nawa ne a fim ɗin gwaninka ke da abin faɗa?

Malam Mai Jan Biro:
To, yau na ga waƙa. Ƙaramin amsa-amo huɗu a jere, babba ya sauka daidai. Hajiya, Allah ya ƙara basira. Sauran ku zo ku ɗauki darasi.

Gwaggon Yara:
Na sauka daga motar Zazzau, na hau ta Hajiya.

Bazazzagi Mai Tsini:
Hajiya, na durƙusa, a yi afuwa,
Daga kurkuku wa ya sa shi fitowa?
Queen Bee, mai sa mata horuwa,
Da karati suka watsa 'yan hayaniya.

Lady Reed ce ta fito a Queen Bee, kuma ba 'yar rakiya ba ce a fim ɗin.

Hajiya Uwar Biyu:
Sun koyi karatin ne don su tsare kansu, ko don su tsare kasuwar wa? Amsa mini wannan, ƙanena, ko a zube ko a waƙe.

Na Damagaram:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, rezo ne ya riƙe ni kwana biyu. Ɗan Fagge, baitinka na giginya nake amsawa.

Ka ce giginya, wa ya shuka ta?
Jim Kelly ne ya fara ban ruwanta,
Suma kamar lema, ƙafa da zafinta,
A Enter the Dragon da Bruce Lee suka yi haɗuwa.

A 1973 ke nan, sai Black Belt Jones a 1974. Shi zakaran karati ne na gaske tun kafin ya shiga fim. Mu da muka tashi da finafinan Chana, shi ne baƙin da muka fara gani ya yi tsalle ya kai shuri irin nasu, har yara suka riƙa barin suma.

Yaron Kurna:
Badamagare, an ci kasuwa an watse sannan ayarinka ya iso.

Malam Mai Jan Biro:
Ya iso kuma da "wa" a inda aka kafa "ya". Ɗangon ƙarshen ma ya fi raƙumin tsawo.

Na Damagaram:
Malam, gaskiyar da ke ciki fa? Ita ba a auna ta?

Ɗalibar Adabi:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Kan ɗan wasa marubuci aka buɗe zancen nan, amma ba wanda ya ambaci Jerry Jones, wanda ya rubuta Dolemite kuma ya fito a ciki a matsayin jami'in FBI. Da yawa ba su san da shi ba sai da Eddie Murphy ya yi Dolemite Is My Name a 2019, inda Keegan-Michael Key ya fito a matsayinsa.

Mai shuri ake yi wa tafi,
Mai baki a ce ya yi kaifi,
Wanda ya kwana kan littafi,
Jerry Jones, an bar shi a baya.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata, kin kawo mini gudummawa ba ki sani ba.

Can mutum biyu ke ɗaukar kaya,
Ɗaya rubutu, baki ga ɗaya,
Nawa ya haɗa su ba gajiya,
Nakiyar ci ce, nakiyar fasa duniya.

A 2023 ma ya dawo da Outlaw Johnny Black, na kaboyi, shi da Minns suka rubuta, wannan karon har umarni shi ya bayar.

Ɗalibar Adabi:
Mutum uku suka rubuta Black Dynamite, Yaya, kai da bakinka ka faɗa a farko. Kada yabo ya sa ka cinye rabon biyun.

Mai Shayin Kwana:
Kuma ya cika baitin da "ya" daga sama har ƙasa. Malam, wannan halal ne?

Malam Mai Jan Biro:
Halal ne, amma alamar guzuri ya ƙare.

Bazazzagi Mai Tsini:
Ya ƙare kam. Bakano, "ya" ta yi arha, ko yaro zai tsince ta a hanya. Bayan isha'i zan dawo da amsa-amon "ƙi", mu ga ko Kwari na sayar da shi.

Hajiya Uwar Biyu:
Kafin ka canza amsa-amo, ƙanena, tambayata na nan. Kai ma Ɗan Fagge ba ka ƙirgo mini matan ba.