Bashi ya min katutu, ina mafita?

Sabon_Shiga: Salam jama'a, wallahi albashi na shiga ko sati biyu baya yi ya ƙare, ga bashin banki ga na abokai, ban ma san ina kuɗin ke tafiya ba. Ya zan yi?

Dattijo: Ɗan'uwa ka fara rubuta duk abin da ka kashe tsawon wata guda, har kati da data, zaka sha mamaki. Manhajojin rancen nan kuma goge su daga wayarka.

Yar_Lissafi: Jera basussukan, wanda ruwansa ya fi yawa shi zaka fara biya, sauran ka dinga sa musu kaɗan kada tara ta hau kansu.

Dattijo: Ni ƙaramin nake fara sallama gaskiya, yana ƙara ƙarfin gwiwa. Abokan kuma kar ka dinga ɓuya, same su ku tsara biya.