Wai kumburi, a ƙafar da ta rame?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekara huɗu ke nan Baba yana shan ƙwayar rage kitsen jini kowane dare, bai taɓa tsallakewa ba, saboda an ce mana kitse ne ke toshe masa jijiyoyin ƙafa. A da sai ya yi tafiya mai nisa kafin sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya minti biyu ko uku ta sake shi. Yanzu taku kaɗan ne ya tsaya. Da daddare kuma sai ya sauko da ƙafar hagu daga kan gado ya bar ta tana reto, wai sai haka zugin ke lafawa. Jiya muka koma asibiti, wani sabon likita ya ce ba kitse kaɗai ba ne, akwai kumburi a cikin jijiyar, wai sojojin jikinsa da kansu suke ƙara ta'azzara abin. To shekara huɗun nan me muke yi? An yaudare mu ke nan. Ni dai na yanke shawarar tsayar da ƙwayar kitsen, in sa shi a kan diclofenac tunda shi ne maganin kumburi. Wanda ya ga ban yi daidai ba ya kawo dalili.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kumburi fa ka ce? Ni da idona na ga ƙafar nan ranar da na je gaishe shi. Ta rame, gashin ƙwaurin ya zube, fatar sai ƙyalli take, ka taɓa ka ji ta sanyi ƙalau. Ina kumburin yake? Likitan nan bai duba ƙafar ba. Sanyi ne kawai ya shige shi.

Sista Hauwa: Nasiru, ajiye maganar kumburi tukuna. Tun yaushe yake sauko da ƙafar da daddare? Akwai ciwo a yatsa ko a dunduniya?

Malam Garba: Alhaji ya faɗi gaskiya a kan kalmar. Kumburi a Hausa abu ne da ido ke gani, hannu ya taɓa. Maruru kumburi ne, kaluluwa kumburi ce, inda kunama ta harba kumburi ne. Ba a taɓa cewa busasshiyar ƙafa ta kumbura ba. Likitocinmu sun koyi aikinsu da wani harshe, in sun zo yi wa mara lafiya bayani sai su wawuri kalmar da ta fi kusa da bakinsu. Ga sakamakon nan, yaro yana shirin canza wa mahaifinsa magani.

Zainab: Malam, da izininka. Kalmar da muke karantawa a littafi asalinta daga Latin ne, ma'anarta kunna wuta. Wani marubuci a daular Rum mai suna Celsus, tun ƙarni na farko, ya lissafa mata alamomi huɗu: ja, zafi, kumburi da ciwo. Ka ga kumburi ɗaya ne cikin huɗu. Abin da likitan yake nufi ba a ƙafa ake ganinsa ba, a cikin bangon jijiyar jinin yake. Kitsen da ake kira LDL yana kutsawa ƙarƙashin shimfiɗar da ke cikin jijiyar ya maƙale, ya lalace. Shimfiɗar sai ta fara kama fararen ƙwayoyin jinin da ke wucewa, waɗanda ake kira monosait. Su shige bangon su rikiɗe su zama makrofej, masu haɗiye datti. Su yi ta haɗiyar kitsen har su cika su yi kamar kumfa, su mutu a wurin, gawarsu da kitsen su taru su zama tudu. Kafin su mutu kuma suna sakin sinadaran kiran 'yan uwansu, irin su intalukin-1 da intalukin-6, wasu sojojin su sake zuwa. Haka hanyar ke tsukewa shekara da shekaru. Ramewar ƙafar da sanyinta da zubewar gashin da Alhaji ya gani, duk alamun jini ba ya isa ne.

Malam Garba: 'Yata, ai ke da bakinki kika ce wuta ce. To ku ce ruruwa, ko ku ce harzuƙar garkuwar jiki. Me ya kawo kumburi?

Kabiru: Malam, ban yarda ba. Shekara nawa ina bayar da magani, duk wanda na ce wa kumburin hanta ko kumburin huhu ya gane, alhali bai taɓa ganin hantarsa ba. In na ce masa ruruwar hanta zai zaci gobara nake nufi. Kuma bangon jijiyar yana yin kauri da gaske, ta ciki yake tasowa. Jijiyar cinya kaurinta bai wuce na fensir da yawa ba, in tudu ya taso a cikinta me za ka kira shi in ba kumburi ba?

Malam Garba: Tudu zan kira shi, kamar yadda yarinyar ta kira shi. Yawan masu faɗin kuskure ba ya mayar da shi daidai. Ita kanta jijiya da kuke ta ambata, wacce? Ta jini, ko wadda ke kai ji, ko agara? Duk kun cusa su a kalma ɗaya.

Kabiru: Wannan kuma mu muka tarar da ita haka, Malam, ba mu muka ƙirƙira ba. Nasiru, kai nake ji. Kada ka ba shi diclofenac. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a bai wa mai toshewar jijiyoyin ƙafa wannan magani, saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga ƙoda, ga gyambon ciki, balle in yana shan asfirin.

Alhaji Bala: Ai dole ka ce haka. Diclofenac kwana biyar ne an gama, ƙwayar kitse kuwa sai mutuwa. Wa zai so a rufe masa wannan ƙofa?

Kabiru: Alhaji, ka janye wannan maganar. Ban taɓa sayar wa Nasiru ko ƙwaya ɗaya ba, ka tambaye shi.

Alhaji Bala: Ban kama sunanka ba, kamfanoni nake nufi. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Zainab: Don Allah ku bari in kawo hujja. Maganar sojojin jiki a bangon jijiya ba sabuwa ba ce. Virchow a Jamus ya faɗe ta tun ƙarni na 19, Russell Ross a Amurka ya sake tsayar da ita a 1999. A 2017 aka fitar da gwajin da ake kira CANTOS, mutum dubu goma da 'yan kai waɗanda suka taɓa yin bugun zuciya kuma awon CRP ɗinsu yana sama. CRP furotin ne da hanta ke saki in garkuwar jiki ta motsa. Aka yi musu allurar canakinumab mai toshe intalukin-1. Kitsensu bai sauka ba, amma haɗarin sake bugun zuciya da makamantansa ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Alhaji Bala: Madalla! Kitse bai sauka ba, an samu sauƙi. Nasiru ka ji, gaskiyarka ce ta fito daga bakinsu.

Zainab: A'a Alhaji, ban gama ba. Mafi yawan mutanen suna shan ƙwayar kitsen, ƙari aka yi musu, ba canji ba. Kuma waɗanda aka yi wa allurar sun fi mutuwa da cututtukan da ƙwayoyin cuta ke kawowa, don an raunana musu sojoji. An gwada methotrexate, shi ma mai danne garkuwa ne, bai rage komai ba. Colchicine, wani maganin da ke kwantar da sojojin, shi ne ya nuna amfani, har Amurka ta amince da shi a 2023, amma a kan masu ciwon jijiyoyin zuciya aka yi manyan gwaje-gwajensa. Kitsen ne ke fara tsokanar sojojin, in ka cire ƙwayar ka ƙara musu abin faɗa. Ita kanta ƙwayar kitsen, wato sitatin, tana saukar da CRP.

Alhaji Bala: Aji nawa kike ma?

Zainab: Aji biyar.

Alhaji Bala: To ki bari ki gama. Wanda ya gama ma ga shi ya ce kumburi a ƙafar da ta bushe.

Kabiru: Da ta goyi bayanka minti biyu da suka wuce ba ka tambayi ajinta ba.

Malam Garba: Ni abin da na lura, tunda ta fara kawo hujjojin nan ba ta sake cewa kumburi ba. Motsi take cewa, tsokana take cewa. Harshen ne da kansa ya ƙi kalmar.

Anti Rabi: Nasiru, tambaya ɗaya. Baba ya daina shan taba?

Nasiru: Anti, me ya kawo wannan a nan? Na zo da maganar likita, kin juya ta kan mahaifina a gaban mutum ɗari biyu. Dattijo ne, ba na son a riƙa yawo da shi haka.

Anti Rabi: Ba tozarta shi nake ba, ɗana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, haka ya fara, sha-raɓa tana ɗaurewa. An yi masa aiki an buɗe hanyar, ya koma wa sigari, ta sake toshewa. Ni na riƙa wanke dungulmin da hannuna bayan an yanke ƙafar, ina ji yana cewa in sosa masa yatsan da babu shi. Duk surutun sojojin nan da kuke yi, wa ke tayar da su in ba hayaƙi ba?

Alhaji Bala: Allah ya jiƙansa. Amma kakana ya sha taba har ya haura tamanin, da ƙafafunsa biyu aka kai shi.

Anti Rabi: Kakanka guda ne, Alhaji. Masu ciwon nan sun haura miliyan 200 a duniya, kuma taba da ciwon suga ne a kan gaba wajen kawo shi.

Alhaji Bala: Kin ƙirga su ne?

Nasiru: Ya rage. Kara uku yake sha yanzu. Don Allah a bar maganar.

Zainab: Anti tana da gaskiya, hayaƙin yana ƙuje shimfiɗar cikin jijiya, fararen ƙwayoyin su ƙara mannewa. Amma kada a ɗauki sojojin nan a matsayin maƙiya kawai. Makrofej ɗin nan su ne kuma ke taimakawa ƙananan hanyoyin gefe su faɗaɗa su zagaye inda ya toshe. Ga mai ciwon da ke zuwa da tafiya kawai, atisayen tafiya ƙarƙashin kulawa, minti 30 zuwa 45 sau uku a mako na tsawon mako 12, yana ƙara masa nisan da zai iya kaiwa.

Sista Hauwa: Zainab, wannan ba na Baba ba ne yanzu. Nasiru, karo na biyu ke nan. An auna masa hawan jini a idon sawu an gwada da na damtse? In an raba na idon sawu da na damtse, lissafin ya ba da 0.90 ko ƙasa, akwai toshewa, in ya yi ƙasa sosai ƙafar tana cikin haɗari. Akwai ciwo a yatsa?

Malam Garba: Ko a nan ma, hawan jini suna ne na cuta, ba na awo ba. Ƙarfin bugun jini ake aunawa.

Kabiru: Haba Malam!

Anti Rabi: To ya isa haka, zan rufe. A matsayina na shugabar zaure ga abin da aka cimma. An tabbatar cewa taba ce tushen ciwon nan, ita ke tayar da sojojin jiki, kuma Zainab da kanta ta shaida haka. Duk wani magani ɓata lokaci ne muddin akwai kara ko ɗaya a bakin mara lafiya. Maganar kitse da ta gwaje-gwajen Turawa ba a kai ga matsaya ba, kowa ya faɗi nasa, amma kada a tsayar da ƙwaya ba da sanin likita ba, kuma Kabiru ya hana diclofenac. Kalmar kumburi ta zauna, ita mutane suka sani. Alhaji Bala bai kawo hujja ko ɗaya ba, kuma ya kamata ya ba Kabiru haƙuri. Nasiru ya je ya karɓe kwalin daga hannun Baba yau ɗin nan.

Malam Garba: Hajiya, yaushe aka cimma cewa kumburi ta zauna? Mutum ɗaya ne ya kare ta.

Zainab: Anti, ban ce magani ɓata lokaci ba ne. Kuma maganar kitse an kai ga matsaya, shi ke fara abin. Akwai waɗanda ba su taɓa shan taba ba kuma suna da ciwon.

Alhaji Bala: Ba zan ba da haƙuri a kan abin da ban faɗa ba.

Nasiru: Sista, yi haƙuri, sai yanzu na ga tambayarki. Wata ɗaya ke nan yana sauko da ƙafar. Yanzu na je na haska da fitilar waya, akwai wani ɗan baƙi a kan ƙaramin yatsan, kamar girman ƙwayar magani. Ya ce tuntuɓe ya yi mako biyu da suka wuce, bai faɗa wa likitan ba don yana sanye da safa. Yana da suga kuma.

Sista Hauwa: Ka mayar da shi asibiti yau, kada ka jira ranar da aka ba ku. Ka cire safar da hannunka a gaban likita, ka ce masa ciwon yana hana shi barci kuma yatsa ya fara baƙi, ka nemi a haɗa ku da likitan tiyatar jijiyoyin jini. Kada ku gasa ƙafar da ruwan zafi, kada ku kankare wurin, kada ku ɗaga ta a kan matashi. Ka tafi da duk magungunansa a leda, har da ƙwayar kitsen, kuma ya sha ta daren nan kamar kullum.

Nasiru: To Sista. Bari in nemo mota.