Ƙanena ya dawo daga hannun ɓarayin daji amma yana cewa gara ya mutu, don Allah ku ba ni shawara

'Yar Tsafe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban runtsa ba.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 24. Bara da damina ɓarayin daji suka ɗauke shi a gona a ƙauyenmu cikin ƙaramar hukumar Tsafe, shi da abokinsa da suka tashi tare. Da farko miliyan biyar suka yanka mana. Baba ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ni na sayar da sarƙar aurena da keken ɗinkina, kawunmu na Funtuwa ya kawo abin da ya sawwaƙa, har a masallaci aka yi mana karo-karo. Da aka kai kuɗin suka ce sai an ƙara sabon babur da katin waya. Wanda ya kai musu ma sai da suka riƙe shi kwana biyu. Ɗakin kishiyar Inna kuwa ko sisi ba su ba da ba, amma su ne kan gaba wajen zuwa barka. Bayan kwana 47 aka sako shi. Shi kaɗai ya dawo, ban da abokin nasa.

Yanzu muna haya a Gusau. Ba ya barci. Babur ya wuce ta layinmu sai ya zabura ya maƙale bayan ƙofa. In aka ba shi tuwo sai ya gutsura ya ɓoye ƙarƙashin katifa. Ranar Juma'a ina wanke-wanke ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, da kun bar kuɗinku, ni ba ni da wani amfani, gara in bi shi." Washegari ya ba autanmu wayarsa da agogonsa. Shekaranjiya kuma abin da ya faru ya faru, Allah ya sa Inna ta shiga ɗakin da wuri. Ba zan iya rubuta shi ba. Yaya zan yi?

Baban Sultan:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Wanda ya yi kwana 47 yana kwana a daji ba azkar ba tsarki, dole iska ta shafe shi. Ku nemi mai ruƙiyya na sunna, a riƙa yi masa tofi da habbatus sauda, a karanta masa aya ta 29 a Suratun Nisa'i da ta hana mutum kashe kansa. Sannan ku yi masa aure. Zaman banza ne ke kawo tunani.

Maman Ihsan:
Allah sarki. Ni mijina a hanya aka tare su, wata biyu ya yi. Tun da ya dawo ko murfin tukunya ya faɗi sai ya hau ni da faɗa, yara sun koma gudunsa. Kowa ya zo sai "ki yi haƙuri, kin san abin da ya gani." To ni abin da na gani fa? Ni na yi ta amsa wayar mutanen nan suna sa shi yana kuka ina ji. Har yau ba wanda ya ce min sannu. Allah ya ba ƙaninki lafiya.

Nas ɗin Unguwa:
'Yar uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan ɓoye miki ba, wannan gaggawa ce. Ya faɗa da bakinsa, ya rabar da kayansa, ya kuma gwada. Daga yau kada a bar shi shi kaɗai, ko da dare. Maganin feshin gona, ƙwayoyi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ku fitar da su daga gidan gaba ɗaya, ba ɓoyewa a saman kwaba ba. Ki zauna da shi ki tambaye shi kai tsaye ko har yanzu yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum ra'ayin, sauƙi ma take kawo masa. Ki saurara, kada ki yi masa wa'azi a lokacin, kada kuma a sake ambaton kuɗin fansa a gabansa. Gobe ku kai shi babban asibiti mafi kusa, ku ce a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai Dawanau a Kano. Firgita da rashin barcin nan ciwo ne da aka sani, kuma ana samun sauƙi.

Baban Sultan:
Malama Nas, da girmanki, Kware wurin mahaukata ne. Yaron da ke sallah yana gane mutane za ku kai a ɗura masa allura? Mutum nawa na gani an kai asibiti sun dawo suna dalalar da yawu. Turawa ne suka kawo mana wannan zancen, iyayenmu da Alƙur'ani suka yi magani.

'Yar Tsafe:
Na gode. Ruƙiyya an yi har sau huɗu, malamin ya ce ba aljani a jikinsa. Asibitin kuma ba ƙi na yi ba. An yi masa baiko tun kafin a ɗauke shi, dangin yarinyar da ma neman dalili suke. Su ji an kai shi Kware, shi ke nan. Kuma hanyar Talatar Mafara za mu bi da shi, mutumin da ƙarar babur ke firgita? Ga bashin fansa ba mu gama biya ba. Ku da kuke waje ba za ku gane ba.

Ɗan Shinkafi:
Ku dai yi hattara da abin da za ku faɗa a asibiti. Sashe na 231 na dokar Penal Code ya sa yunƙurin kashe kai laifi ne, har ɗaurin shekara ɗaya ana iya yi. Ƙasar da ta kasa hana a sace ka ita ce za ta ɗaure ka don ka gaji. Mu a garinmu har kuɗi muke haɗawa mu ba ɓarayin kafin mu girbe gonakinmu, an yi sulhu an yi sulhu, ga Askarawa, 'yan tsaron al'umma na jihar Zamfara, an kafa a 2024, har yau ƙanwata tana gudun hijira a yankin Maraɗi.

Nas ɗin Unguwa:
Dokar tana nan, gaskiya ne, Ghana ma sai a 2023 ta soke irinta. Amma shekaruna a aiki ban taɓa kira wa marar lafiya ɗan sanda ba, magani muke yi. Kuma a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a rufa masa asiri. Baban Sultan, ba wanda ya ce a bar addu'a. Annabi (SAW) da kansa ya ce a nemi magani. A haɗa biyun. Maman Ihsan, sannu, ke ma kina buƙatar wanda zai saurare ki.

Kawu Direba:
Ku sayo masa maganin barci a kemis, in ya samu barci kwana uku zai warware.

Nas ɗin Unguwa:
A'a Kawu, don Allah kada a ajiye ƙwaya kusa da shi.

Baban Sultan:
Malamin da kuka samu ne bai iya ba. Ki yi min magana ta akwati in haɗa ki da nawa. Kuma a matso da bikin nan, kin ji na faɗa miki.

'Yar Tsafe:
Na kwashe maganin feshin na kai gidan maƙwabta. Na yi wa Baba zancen asibiti, ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, a bari a ga bayan sallah. Ni ba zan tsallake maganar Baba ba, shi ma hawan jini gare shi tun lokacin. Ɗazu dai ƙanen nawa ya sha kunu har ya yi wasa da ɗana, ina ganin kamar da sauƙi.

Nas ɗin Unguwa:
Sauƙin da ke zuwa kwatsam bayan irin wannan, shi ne lokacin da muka fi sa ido. Ko limamin unguwarku ki samu ya yi wa Baba magana, shi zai ji tasa. 'Yar uwa, yau da dare wa zai kwana ɗaki ɗaya da shi?