Ba wanda ya ga kisan, za a iya yanke wa ƙanena hukunci?

Ɗan Gwaram: Salamu alaikum jama'a. An tsinci gawar wani makiyayi a bayan gonar ƙanena. Ba wanda ya ga abin da ya faru. Sai dai ranar kasuwa sun yi cacar baki kan shanun da suka ci masa gero, kuma tare aka gan su da magariba. Yanzu yana tsare, Inna ko abinci ba ta iya ci. Wannan kaɗai ya isa hujja?

Yaya Lauya: Allah ya kawo mafita, ɗan'uwa. Gaskiya kotu na iya yanke hukunci da alamu kawai, musamman wanda aka gani tare da mamaci a ƙarshe, don za a nemi ya faɗi inda suka rabu. Amma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara tabbatar da laifi har ba sauran kokwanto mai ma'ana. Dole alamun su nuna shi kaɗai. Ku nemo waɗanda suka gan shi bayan sun rabu, tun ba su manta ba.

Malam daga Ringim: A fiƙihun Malikiyya ma zargi mai ƙarfi ba ya wadatarwa, sai dangin mamaci sun yi ƙasama, rantsuwa 50. Jini ba abin wasa ba ne.

Ɗan Gwaram: Na gode, Yaya. Limaminmu ya ce tare suka yi isha'i da ƙanena.